Yaya ake kakkaɓo makami mai linzami tun yana sama?

Ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura, ka tambaya yadda Isra'ila da Amurka suke harbo makami mai linzami kafin ya faɗo, ko tsafi ne. Ba tsafi ba ne, aiki ne na abubuwa uku da ke magana da juna.

Ka tuna Hasumiyar Gobarau, inda a da ake hawa a hango mahara tun daga nesa? To, haka na'urar rada take. Ita ke fara gano makamin, ta auna gudunsa da inda ya dosa. Sai ta miƙa wa cibiyar umarni, inda kwamfuta ke lissafin wurin da zai faɗa cikin 'yan daƙiƙoƙi. A ganina nan ne ainihin aikin yake, ba a harbin ba. Iron Dome, tsarin tare rokoki da Isra'ila ta fara amfani da shi a 2011, idan ya ga roka za ta faɗa daji ba kowa, ƙyale ta yake yi, don makamin tarewar ya fi rokar tsada nesa ba kusa ba. Idan kuwa gari ta nufa, sai a saki na tarewa ya fashe kusa da ita.

Amma fa irin wannan tsari yana kuskure. A Fabrairun 1991, a Dahran ta Saudiyya, agogon kwamfutar Patriot, tsarin tare makamai na Amurka, ya kauce da kusan sulusin daƙiƙa bayan ya kwana huɗu yana aiki ba a kashe shi ba. Makamin Scud na Iraƙi ya wuce, sojojin Amurka 28 suka mutu.