Sulken da ka ce za ka yo oda

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo, sai da na sa ƙanwarka ta ƙara mini girmansu a waya. Wai kana tambaya ko al'ada ta yarda mutum ya yo odar sulke da kwalkwali daga Indiya ta intanet, ya sa ya shiga tawagar hakimi ranar hawan Daushe. Na yi dariya har gwaggonka ta leƙo, amma daga baya dariyar ta tsaya mini, domin kwalkwalin nan na hoto na biyu, mai kama da bokiti, gicciye ne a fuskarsa. Na mayaƙan Turai ne na zamanin da, su kuwa masu ƙerawa don Turawa masu wasan kwaikwayon yaƙi suke yinsa. Da shi za ka ratsa unguwar Gwangwazo a tsakiyar hawan?

Zuwansa daga waje bai dame ni ba. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da sulke da kwalkwali da lifidi, kuma mafi yawan sulken ta Sahara fatake suke kawo shi, daga wajen Masar. Kakanka yakan ce, sulke baƙo ne, mai sa shi ne ɗan gari.

Ni sau ɗaya na taɓa sa shi, a farkon sarautar marigayi Ado Bayero, wanda ya hau a 1963. Gemuna bai fito ba. Mai sa sulken gidan da Baba yake bara ya kwanta ciwo ana saura kwana uku Sallah, maigida ya dube ni ya ce wannan yaron ya isa. Aka fito da shi daga adaka duk ya yi tsatsa. Muka zuba shi a buhu da yashi, ni da wani yaro muna mirgina shi a soro tun hantsi har la'asar, sannan aka kakkaɓe aka shafe shi da man gyaɗa. Baba ya ɗaga shi a rana ya nuna mini zobban: kowane ɗaya an dasa masa 'yar ƙusa kamar ƙwayar gero, kuma kowane zobe yana riƙe da huɗu. Inda ya yage a hammata, wani tsohon maƙeri ya ɗinke da waya, kana gani ka san aikin hannu biyu ne.

Baba ya ce in sa riga mai kauri a ciki, in kuma ɗaure ƙugu tamau don nauyin ya bar kafaɗa. Na ga zafi ake yi, na faki idonsa na sa 'yar shara. Kafin mu fita ban ji komai ba sai daɗi, ina tafe yana cas-cas, yara na nuna ni. Muna tsaye muna jiran Sarki rana ta dafa ƙarfen. Ya fi kilo 10, duk ya sauka a wuyana, ga dokin ya ƙi tsayawa saboda bindigogi. Da muka zo jafi, gaisuwar mahaya ga Sarki, a Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, na ɗaga hannu da mashi, sai na ji kamar an zare mini fata. Da dare Inna ce ta jiƙa rigar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da jikina. Baba bai ce mini uffan ba, sai da safe ya miƙo mini buhu da yashi.

To kai yanzu, wa ya ce maka ka isa? Ku yaran yanzu sai ku ga abu a waya, ku tura dala, ku zauna jiran kwastan. Cinikin biri a sama ke nan. Sulke mai araha na intanet bakin zoben kawai aka lanƙwasa ya haɗu, ba ƙusa, doki na zabura zai fara buɗewa. Na alminiyam ba nauyi, amma zai mayar maka da farar riga baƙa ƙirin. In ma ka nace, awon ƙirjinka a kan rigar ciki za ka ba su, ba a kan fata ba.

Amma ni ban san yaron da ya taɓa kai sulkensa gidan hakimi ya ce a ba shi wuri ba. 'Yan sulke da 'yan lifidi kowa da layinsa, akwai gidajen da suka gada. Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci mu je mu gai da hakimin, ka bar wayar a aljihu. Kuma ka taho mini da goro, na Mariri.