Kafin ka taɓa kafasitar farko

Ka ce amfilifayar da ka haɗa da hannunka tana ƙugi a sifika ko ba waƙa, shi ne kake so ka cire kafasitar farko (mai tara caji, wadda ke tace babbar wuta bayan bawul) mai 40µF ka sa mai 220µF, ka kuma cire bawul ɗin 5U4, wato kwalbar gilashin da ke mayar da wutar AC zuwa DC, ka sa dayod, ɗan ƙaramin abu mai irin wannan aiki, a madadinsa. To yarona, zauna, don abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya.

Tun kafin ka kwance murfi, ka sani kafasitocin nan suna riƙe da folt ɗari huɗu da wani abu ko bayan ka zare soket. Wannan wutar tana kisa. Ka sauke cajin ta cikin rasista, kada ka yi da sukundireba, sannan ka auna da mita ka gani da idonka. In kana awo wuta na kunne, hannu ɗaya a aljihu. Ka kuma sa rasista 220k mai wat 3 tsakanin ƙafafun kafasita, ta riƙa zubar da cajin da kanta.

Ita 220µF ɗin, ban yarda ba. Bawul mai mayar da wuta DC yana da iyakar girman kafasitar da zai ɗauka: 5U4 kusan 40µF, GZ34 kuma 60µF. Babbar kafasita ba ta shan wuta a hankali, fizga take yi a ƙololuwar kowane zagaye, kuma lokacin kunnawa tana nan wayam, sai ta zama kamar an haɗa waya da waya. Za ka ga tartsatsi cikin gilashin, bawul ya mutu, taransifoma ma ya ɗau zafi. Ni kaina na ƙona biyu ina yaro kafin na gane, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Ka ma tabbatar daga ina ƙugin yake? In wutar gidanku mai 50Hz ce, ƙugin da ke fitowa daga rashin tacewa 100Hz ne. In 50Hz ka ji, mai kauri can ƙasa, to ka nemi laifin a wayoyin hita, masu ɗumama bawul, da ba a murɗe su tare ba, ko a wurin haɗa ƙasa. Wannan ko kafasita nawa ka zuba ba zai tafi ba. In kuwa 100Hz ne, bar ta farko yadda take, ka sa cok, wato naɗin waya a kan ƙarfe mai daidaita wuta, mai henri 5 zuwa 10 a bayanta, sai kafasita ta biyu. Ita wannan ka ƙara mata girma, 100µF ma ba laifi, tunda cok ya tsaya tsakaninta da bawul.

Dayod kuma ana sawa, ba haramun ba ne, amma ka yi lissafi. 5U4 yana cin kusan folt 50, dayod kuwa folt 1 kacal, don haka babbar wutar za ta hau. Kuma nan take take zuwa, tun sauran bawul ɗin ba su yi zafi sun fara jan wuta ba. Taransifoma mai 350-0-350 zai kai ka kusan folt 495 a wannan lokacin, alhali kafasitarka 450 aka rubuta mata. Shi dayod 1N4007 folt 1000 yake jurewa ta baya, a nan kuwa zai ga kusan 990, sai ka jera biyu a kowane ɓangare. Bayan haka dole ka sake saita bayas, wato yawan wutar da bawul ɗin sauti ke ja in ba waƙa. Bawul ɗin sauti EL34 wat 25 ne iyakar farantin ƙarfen da ke cikinsa. In ka ga ya fara ja kamar garwashi, kashe maza.

Ni dai da tawa ce, 5U4 zan bari, in ƙara cok. Gobe ka zo da ita, ka zo da mita, mu auna wutar kan kowace kafasita tana kunne, mu saurari ƙugin tare.