Tambaya da Amsa: Tsohuwar Peugeot 504 ta 'Yan Sanda

Tambaya: Malam, na sayi Peugeot 504 ta 'yan sanda a gwanjo, ina so in farfaɗo da ita don sha'awa. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Malam, kada fenti ya ruɗe ka. Ɗaga kafet ka ƙwanƙwasa ƙasan motar da sukundireba. Inda ya ɓurma, tsatsa ta ci, sai mai walda. Daga nan bakanike ya wanke kafireto da lagireto, ya canja robobin birki. Kayan gyara ba wuya, tunda a Kaduna aka riƙa harhaɗa ta, leƙa kasuwar Panteka da ke can. Jiniya da tambarin 'yan sanda kuwa, cire su. Ni ba zan hau titi da su ba, kuma riƙe takardar gwanjonka a aljihu.