Jarinka yana kwance a Accra, kai kuma kana neman rance a Kumasi

Wani masassaƙi daga unguwar Aboabo a Kumasi ya aiko mini da tambaya. Shekara 9 yana sassaƙa ganguna, shi da yara uku: jembe, kpanlogo, da kalangu in an saka shi. Yana tura kaya wajen ɗan kawunsa mai shago a Arts Centre, kasuwar kayan sana'ar hannu ta Accra, shi kuma ya sayar ya turo kuɗi "yadda kasuwa ta kama". Cikin wata 14 ya tura ganga "wajen 70", ya karɓi "kusan sidi 9,000". Yanzu wani mutum daga Jamus ya yi masa magana ta WhatsApp yana son guda 200, sai ya tambaye ni ko ya ci bashin sidi 30,000 a kan ruwan kashi 5 cikin 100 duk wata, ya ƙaro itace da ma'aikata.

Malam, kada ka ci bashin nan. Amma ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Kalmomi biyu na gani a saƙonka suka hana ni sakat: "wajen" da "kusan". Mutumin da ya ɗauki gizago ya rarake kututture da hannunsa, ya jiƙa fatar akuya, ya aske ta, ya ja igiya har tafinsa ya yi kanta, bai kamata ya ce "wajen 70" ba. Ko 64 ne ko 73, dole ka sani. Ba ka sani ba saboda ba ka taɓa rubutawa ba, kuma ba ka rubuta ba saboda kana jin nauyin ɗan kawunka.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Ka ce matsakaiciyar jembe tana tashi sidi 500 a Accra. Guda 70 ke nan sidi 35,000. Ka karɓi 9,000. Saura 26,000, ko dai ganguna ne suna shan ƙura a shago, ko kuɗi ne da suka shiga wata hidimar. Cire ladan mai sayarwa, har yanzu abin da ya rage ya kusa kai bashin da kake shirin ci. Wato za ka riƙa biyan sidi 1,500 duk wata kuɗin ruwa kawai, ribar ganguna masu yawa, don cike ramin da dukiyarka ta bari. Kuma kuɗin da ke kwance ba tsayawa suke yi ba. Ka tuna Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a nan Ghana? Wanda ya bar sidinsa a hannun wani a wannan shekarar, da aka dawo masa da su ba su sayi itacen da za su saya a da ba.

Ban ce ɗan kawunka ɓarawo ne ba, kuma kada ka je ka ce na faɗa. Yawanci ba da niyyar cuta abin yake farawa ba. Ya sayar da biyu ranar Asabar, kuɗin haya ya taso, ya ce zai mayar ranar Litinin. Yaro ya kwanta rashin lafiya. Wani ɗan yawon buɗe ido ya taya 350, ya sallama don kada ranar ta wuce haka nan, bai gaya maka ba. Bayan shekara shi kansa bai san nawa kake binsa ba. Kai ne ka ɗora masa amana ba tare da ma'auni ba.

Na ga irin wannan da idona. Wani dattijo mai sassaƙa kujerun gargajiya a kusa da Ahwiaa, kan hanyar Mampong, ya shekara huɗu yana ba ƙanin matarsa kaya. Ranar da ya nemi kuɗin aurar da 'yarsa, suka zauna lissafi a gabana. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, tazarar ta fi ƙarfin sulhu, kuma babu ko guntuwar takarda. Dattijon ya zauna shiru yana murza hularsa a gwiwa, matarsa tana bayan labule tana jin mijinta da ƙaninta suna rantsuwa. Kuɗin ba su dawo ba, har yau gidajen biyu ba sa gaisawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ce ban da dangi ba.

Saboda haka ka ajiye gizago kwana biyu, ka hau mota daga Asafo ka tafi Accra a makon nan. Kada ka yi ta waya. Ka shiga shagon da sallama, ka ci abinci da shi, sannan ku ƙirga gangunan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Ka duba waɗanda fatarsu ta yage ko jikinsu ya tsage, a ware su. Ka buɗe saƙonnin MoMo, wato na kuɗin da ake turowa ta waya, tun daga farko, ku haɗa abin da ya shigo. Abin da ya rage a kansa a rubuta, ku sa hannu, da shaida guda wanda ku duka kuke jin kunyarsa. In ba zai iya biya gaba ɗaya ba, a yanka masa duk mako. Ka bar masa wani abu don zumunci in kana so, amma ka san nawa ka bari.

Daga nan kowace ganga ta sami lamba. Ka ƙona ta da ƙarfe mai zafi a cikin jikinta inda ba za ta goge ba, ka sa a littafi tare da kuɗin itace, fata, zoben mai walda, igiya da ladan yaro. Ka tura goma goma, kada goma ta biyu ta bar Kumasi sai kuɗin ta farko sun shigo. Ka faɗa masa farashinka, abin da ya hau kai nasa ne. In ya ji haushin wannan tsarin, to ka sami amsar tambayar da kake tsoron yi.

Batun mutumin Jamus kuwa, na gaji da ganin masu sana'a suna rawa tun ba a buga ba. Ganga 200 da mutum huɗu? Za ka ƙare da ɗanyen itacen ganga na tweneboa, wanda ko hunturunmu yana tsaga shi, balle ɗakin Turai mai na'urar ɗumama. Ga takardun itace, ga na fatar dabba, ga jigila. Mai saye na gaskiya zai yarda ya fara da 10, ya biya rabin kuɗi kafin ka sa gizago, ya cika sauran kafin kaya su bar hannunka. Ka rubuta masa haka yau. In ka dawo daga Accra, ka turo mini adadin da kuka ƙirga, sai mu zauna mu fitar da farashin da za ka ba shi.