Amsa: Shin dimokuraɗiyyar Atina irin ta yau ce?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya ko mulkin da Girkawa suka kira dimokuraɗiyya daidai yake da wanda muka sani a yau. A gaskiya akwai bambanci mai yawa.

Da farko, tsohuwar Girka ba ƙasa ɗaya ba ce. Duwatsu da teku sun raba ta zuwa birane masu cin gashin kansu, kowanne da tsarinsa, har ma Sparta tana da sarakuna biyu a lokaci guda. A birnin Atina ne wani ɗan siyasa mai suna Kilistinis ya yi gyaran da ya kafa mulkin jama'a, wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mutanen Atina ba su tura wakilai ba. Su da kansu suke taruwa a kan wani tudu, su saurari hujjoji, sannan su ɗaga hannu a yanke hukunci kan yaƙi ko doka. Majalisar mutum 500 da ke shirya musu abin tattaunawa kuwa, da ƙuri'ar sa'a ake cike ta, mutum 50 daga kowace ƙabila cikin ƙabilu goma, domin suna ganin zaɓe yakan fifita masu dukiya da suna. Janar-janar goma kuwa zaɓensu ake yi, tunda yaƙi yana buƙatar gwaninta.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda aka ware. Mata da bayi da baƙi mazauna birnin, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba su da ta cewa ko kaɗan a wannan taro.