An ce ina da suga, ni kuwa ban taɓa yin ciwon ba

Assalamu alaikum Anti. Cikina wata bakwai, kuma shi ne na huɗu. A wajen awo aka ba ni ruwan suga na sha, aka ɗebi jinina sau uku, aka ce ina da ciwon suga na masu ciki. Hajiyar maigidana ta ce in rabu da su, ai wanda na yaye ma kilo 4 da rabi na haife shi, ƙoshin lafiya ne. Ni kuwa tsoro ya sa na daina cin tuwo gaba ɗaya. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki koma kan abincinki, yunwa ba magani ba ce.

Mabiyiya ce ke fitar da wasu sinadarai da ke hana insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, aiki yadda ya kamata, sai suga ya taru a jini. Shi ya sa ake gwajin tsakanin mako 24 da 28. Sugan nan yana ratsawa zuwa ga jariri, ya yi ta ƙiba.

A gaida Hajiya, amma a nan ban bi bayanta ba. Ni da nake ɗakin haihuwa, ba na murna da kilo 4 da rabi. Kai yakan fito kafaɗa ta maƙale, ko a ƙare da tiyata. Bayan an yanke cibiya kuma sugan jaririn na iya faɗuwa, ko shawara ta kama shi. Ke ma hawan jini da jijjiga sun fi kusa da ke. Wataƙila ma tun wancan cikin kina da shi, ba a gwada ba ne.

Rage malmalar tuwo, ki cika kwanon da miyar ganye, zogale, wake, ƙwai ko kifi. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi da furar da aka zuba wa suga, ki haƙura da su. Zuma ma suga ce, kada a ruɗe ki. Bayan cin abinci ki ɗan taka, ko a tsakar gida ne.

Idan kina gwadawa a gida, ana so da safe kafin karyawa sugan jininki ya zama ƙasa da 95 mg/dL, awa biyu bayan cin abinci ƙasa da 120 mg/dL. In ya ƙi sauka, likita zai ba ki ƙwayar metformin ko allurar insulin. Ki karɓa, kada ki musanya da jiƙo. Ranar da kika ji motsin yaron ya ragu, ki tafi asibiti ko da dare ne.

Galibi yana wucewa da haihuwa, amma ki koma gwaji bayan arba'in, domin yakan dawo daga baya.