Baje kolin kayan noma a ƙauye: ina ribar take in ba a karɓi kuɗin ƙofa ba?

Tambayarka ita ce: "Maigida, in mun shirya baje koli ba mu karɓi ko sisi a bakin ƙofa ba, daga ina kuɗinmu zai fito?"

To ɗana, a wannan sana'a manomin da ya shigo fili shi ne hajarka. Mai iri, mai taki, mai famfon sola da mai injin casar shinkafa, su ne masu biyanka, kuma abin da suke saya a hannunka shi ne taron manoma masu kuɗi a aljihu. Ka sa kuɗin ƙofa, mutum ya tsaya a bayan shinge ya leƙa ya koma gida, mai rumfa ya wuni yana korar ƙuda, baɗi ko ka kira shi ba zai ɗaga waya ba. Kuɗinka yana fitowa daga hayar rumfa, daga masu ɗaukar nauyi da ake kafa tutarsu a ƙofa ana ambatonsu a lasifika, sai ɗan abin da masu abinci ke biya na wuri.

Abin da ya fi kashe baje koli shi ne rana, don haka a nan za ka fi daɗewa kana tunani. Manomi yana da kuɗi ne bayan kaka, in ya sayar da riɗi da gyaɗa da shinkafa, kuma lokacin ne yake neman kayan noman rani. A fadamun Haɗeja da yankin Kadawa ana shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba, saboda haka ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba shi ne lokacinka. Ka wuce nan, ya riga ya sayi irinsa da takinsa a wani wuri. Ga kuma baje kolin KACCIMA, wato ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, da ake yi a birnin Kano wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Kamfanoni can suke kwashe ma'aikatansu da kayansu, kada ka yi karo da shi. Azumi da makon Sallah ka bar su. Sai ranar kasuwa: in a garin da kasuwar ke ci za ka yi, ka haɗa ranarka ta farko da ita, jama'a sun riga sun zo da ƙafarsu. In kuwa a maƙwabcin gari ne, ranar za ta kwashe maka mutane. Kusa da Maigatari kada ka buɗe ran Alhamis, kusa da Wudil ka kauce wa Juma'a, kusa da Ɗambatta ka kauce wa Lahadi. Kwana biyu sun isa. A rana ta uku ƙauye ya gama gani, kai kuma kana ƙona mai a banza.

Kafin ka buga ko takarda ɗaya, ka je wajen dagaci ya kai ka ga hakimi, ka sami izinin ƙaramar hukuma a rubuce, ka sanar da ofishin 'yan sanda. Sarkin noma da shugabannin ƙungiyoyin manoma kuwa ka zauna da su ƙafa da ƙafa, su ne za su cika maka fili fiye da kowace talla. Rediyo da sanarwar bayan sallar Juma'a da mai shela ranar kasuwa suna ƙarawa.

Lissafin rumfa ga yadda ake yinsa. Ka tara duk abin da za ka kashe: hayar kanofi da kujeru, janareta da mansa, lasifika, ruwa, 'yan sintiri, leburori, talla. Ka ɗora kashi goma cikin ɗari na abin da ba a zata ba. A ce filinka zai ɗauki rumfa 40, to kada ka raba kuɗin gida 40, ka raba gida 30, domin ba lallai duka su shiga ba. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin kuɗin rumfa ɗaya, goman da suka rage su ne ribarka. Rumfar bakin ƙofa da ta kusurwa sun fi tsada. Kowa ya ba da rabi kafin alƙalami da rasit, ya cika sauran kuɗin mako guda kafin buɗewa. Wanda ya ce zai biya in ya yi ciniki, ka ba shi haƙuri. Alkawarin mai ɗaukar nauyi ma kada ka sa shi a lissafi sai kuɗin ya shigo, musamman na ofis, wanda takardarsa ke bin tebur-tebur.

Rumfa mita uku-uku, hanya tsakanin layi mita huɗu, don mai kura da mai babur su wuce ba a ture kaya ba. Kowace ƙafar kanofi a ɗaure ta da igiya a turke, iskar hantsi tana ɗaga kanofi ta kifa shi a kan mutane. A yayyafa wa fili ruwa da sassafe saboda ƙura. Janareta can gefe, inda iska za ta tafi da hayaƙinsa, kuma ka tambayi kowane mai rumfa abin da zai jona tun kafin ranar, in ba haka ba injin niƙa ɗaya zai kashe wa kowa wuta. Masu maganin feshi nesa da masu abinci. Mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da shinkafar gida a ware musu layinsu da makewayinsu. Wurin sallah da ruwan alwala kada su gaza, in mutane suka fita neman masallaci da azahar, rabinsu ba sa dawowa.

Jawabi ka taƙaita shi. Manomi gani ya kori ji yake so, don haka ka tanadi rijiya ko babban tanki inda mai famfo zai tayar da shi ruwa ya zuba, da buhunan shinkafa da za a casa a gaban kowa. Kuma ina roƙonka, ka duba kayan duk wanda za ka bai wa rumfa: maganin feshi da lambar NAFDAC da kwanan wata, iri a leda mai hatimi da sunan kamfani. Jabun iri ɗaya in ya ƙi tsirowa, mai sayarwa ya koma birni, kai za a nuna a gari.

A bakin ƙofa ka ajiye yara biyu da littafi suna rubuta suna, gari da abin da mutum yake nomawa. Da yammacin ranar rufewa ka bi rumfa-rumfa ka tambayi cinikin kowa, wanda ya ji daɗi ka rubuta masa wurinsa na baɗi nan take. Leburori da 'yan sintiri a sallame su a daren, a share fili kafin gari ya waye, sannan ka je ka yi wa dagaci godiya.